Kwana Biyu a Kan Rairayin Dindir

Kawuna ya fi shekara talatin yana sana'ar busasshen kifi da gawayi. Daga Maiwurno yake ɗora kaya a lori, ya sauke a Sinnar ko Madani, in kasuwa ta yi kyau ya zarce har Khartum. Ka miƙa masa kajik ɗaya ya shinshina, zai gaya maka ko na kogi ne ko na tabki. Amma duk tsawon shekarun nan bai taɓa taka gandun dajin Dindir ba, ga shi kuwa gandun yana nan gabas da mu, tafiyar yini ɗaya a mota.

Jikarsa ce ta tayar da tafiyar. A Jidda aka haife ta, can ta saba duk Juma'a da yamma a kwashe su zuwa bakin teku. Da suka zo hutu ana sanyi, tun kafin yaƙin nan, sai ta dube shi ta ce, "Kaka, ku a nan ina kuke zuwa shan iska?"

Ya ce, "Amaryata, ai ga Bahar nan a ƙofar gida."

Ta je ta gani. Gaskiya ne, idan Shuɗin Nilu ya janye da rani yakan bar rairayi mai faɗi a gefen Maiwurno. Sai dai wurin aiki ne: ga masu wanki, ga jakuna na ɗibar ruwa, ga masu buga tubali, ga gonakin bakin ruwa na albasa da kankana. Ta dawo ta ce ita ba wannan take nufi ba, tana nufin wurin da za a zauna a yi shiru. Kawu ya yi dariya, ya ce shi rabonsa da shiru tun yana yaro. Bayan kwana uku muka yi hayar mota mai ja da ƙafa huɗu, mu bakwai da tulun ruwa da buhun gari.

Hanya da abin da ke ƙarshenta

Daga Maiwurno mun bi ta Sinnar, muka haye kan madatsar ruwan da aka gama ginawa a 1925, wadda ita ke shayar da gonakin Jazira. Daga nan sai garin Dindir. A nan ake karɓar takardar izini daga jami'an kula da namun daji, a nan kuma kwalta take ƙarewa. Sauran tafiyar, fiye da kilomita 100, duk laka ce baƙa wadda ta bushe ta tsattsage. Da damina babu motar da ke iya bin ta, shi ya sa daga wajen Disamba zuwa Afrilu kaɗai ake shiga.

Gandun ba ƙarami ba ne. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 10,000, wato ya ninka Yankari ta Bauchi fiye da sau huɗu, kuma ya jingina da iyakar Habasha. Tun 1935 aka keɓe shi. A 1979 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da ake kare halittunsu, a 2005 kuma aka sa shi cikin jerin fadamun duniya masu muhimmanci na yarjejeniyar Ramsar.

Masaukin baƙi yana Galagu, inda rafin Galagu ya haɗu da kogin Dindir. Kada mai karatu ya ɗauka otal ne irin na Dubai. Ɗakuna ne 'yan kaɗan, da gadon angarib, da rumfa. Abin da ya kai mu yana ƙasa da masaukin, in an gangara gaɓa.

Kogin Dindir daga tsaunukan Habasha yake sauka. Da damina ya cika ya yi ta gudu har ya faɗa Shuɗin Nilu tsakanin Sinnar da Madani. Da rani kuwa sai ya tsaya cak, ya bar gadonsa fayau: rairayi fari, mai laushi, iya ganinka, da gurbin ruwa nan da can. Goruba ta yi sahu a gaɓa biyu, da tsamiya da ɓaure. Muka shimfiɗa tabarma bayan la'asar, matar kawu ta ɗora jabana a kan gawayi. Ba rediyo, ba ƙarar injin markaɗe, waya ma ba ta kamawa. Abin da kunne ke ji shi ne kukan zabi da motsin ganyen goruba.

Kawu ya ciro wayarsa sau uku yana dubawa, sai a na huɗu ya tura ta ƙarƙashin tabarma. Can ya ce da ni, "Ɗana, ashe kunnuwana ƙara suke yi ban sani ba."

Da rana ta kusa faɗuwa sai masu wurin suka fara fitowa. Gwaggon biri ne a gaba, garke guda, uwa ɗauke da ɗanta a baya. Sai gadu da 'ya'yansa, wutsiya a miƙe. Can nesa gwambaza ta sunkuya tana shan ruwa, tana ɗagowa tana dube-dube. Da dare, bayan mun koma ɗaki, muka ji gurnanin zaki daga nesa. Yarinyar da ta ce shiru take so ta ƙanƙame kakarta har asuba.

Da safe jami'in da ke raka mu ya nuna mana rairayin kamar allo. Nan sawun ɓauna, nan na kura, nan kuma inda kada ya ja cikinsa ya koma ruwa, taku goma daga inda muka sha jabana jiya. Babu wanda ya ƙara maganar sa ƙafa a ruwa.

Wa ke biyan kuɗin wannan shirun?

A rana ta biyu aka kai mu ganin maya'a. Haka mutanen wurin ke kiran tabkunan da kogi ke cikawa idan ya yi ambaliya, su riƙe ruwa da ɗanyar ciyawa har tsakiyar rani. Su ne ran gandun. Duk dabbar da ka gani a rairayi, a maya'a take ci. Tsuntsaye kuwa ba a magana: kwasakwasa, borin-tinke, gauraka, dinya, da wasu baƙi da ke tsallako hamada daga Turai su yi hunturu a nan.

A bakin wata maya'a kawu ya tsuguna, ya ga tarwaɗa na watsal-watsal a cikin ruwan da ya fara ja baya. Ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ce, "Wannan ai kayana ne." Bai yi ƙarya ba. Mutanenmu sun yi suna wajen su a Sudan, daga Shuɗin Nilu har Rahad da Dindir, kuma kifin tabkuna irin waɗannan ne ake shanyawa ya zama kajik ɗin da ke cika buhunansa.

Ba kifi kaɗai ba. Dajin da muka ratso cike yake da dushe, wanda Larabawan Sudan ke kira talha, da aduwa. Gawayin dushe ne mai tsada a kasuwa, itacensa kuma shi ne na dukhan da amarenmu ke turara jiki da shi, har ake aikawa Kano da Jidda. Mai neman zuma yakan sa wa bishiya wuta don ya kori ƙudan, wutar kuma ba ta tsayawa inda ya so. Jami'in ya ce raƙumin dawa da kakanninsu suka sani a gandun ya ƙare ƙarƙaf, giwa ma sai labari.

Amma kada a ɗora wa talaka laifi shi kaɗai. Tun shekarun 1960 da 1970 manyan gonakin tarakta na dawa da riɗi suka yi ta cin dajin da ke kewaye da gandun, a Gadarif da Sinnar da Shuɗin Nilu. Burtali ya toshe, makiyaya ta ƙuntace. Da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011, makiyaya da yawa da suka saba gangarawa kudu da rani suka rasa hanyarsu. Ina mai shanu zai kai su a watan Maris in ba inda ya ga ɗanyar ciyawa ba? In ya shiga a kama shi, a ci shi tara mai karya baya. In an bar shi, shanu su cinye abincin ɓauna, su tattake bakin maya'a har ta cike da laka ta mutu. Mu da muka zauna a tabarma muna jin daɗin shiru, akwai wanda aka hana wa ruwa da ciyawa kafin mu same shi. Mutanenmu da suka ga abin da rikicin ƙasa ya jawo a jihar Shuɗin Nilu a 2022 ba sa buƙatar a yi musu bayanin nauyin wannan magana.

Ga mai niyyar kai iyali

Da farko, maganar tsaro. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya iso wannan yanki. Dakarun RSF sun shiga Madani a Disamba 2023, suka shiga Sinja da Dindir a tsakiyar 2024. Sojoji sun karɓe Dindir a Oktoba, Sinja a Nuwamba na wannan shekara, Madani kuma a Janairu 2025. Wurin da aka gwabza yakan bar harsashi da bam da ba su fashe ba. Saboda haka, Alhaji, kada ka tsara tafiya daga shagonka na Jidda ko Kwari. Ka fara jin ta bakin 'yan'uwa na gida da jami'an gandun a garin Dindir. In sun ce a dakata, a dakata.

In hanya ta buɗe, ga abin da muka koya. A je tsakanin Disamba da Fabrairu. Daga Maris zafi yake tsananta, kuma lokacin ne ƙaramin ƙudan da ke kawo cutar kala'azar ya fi yawa a dajin dushe da aduwa. Cuta ce sananniya a bakin Dindir da Rahad: zazzaɓi mai daɗewa, rama, da kumburin saifa. A kwana cikin gidan sauro, a sa wa yara riga mai dogon hannu da yamma, kuma in zazzaɓi ya ƙi sauka bayan an dawo, a gaya wa likita inda aka je. A tafi da ruwan sha da abinci da man mota na zuwa da dawowa. Kada yaro ya shiga gurbin ruwa komai ƙanƙantarsa. Kada a ba biri abinci, don gobe da kansa zai zo ya ɗauka. Leda da roba kuma a dawo da su yadda aka kai su.

Da za mu taho, yarinyar ta cika kwalbar ruwa da rairayi. Jami'in ya yi murmushi ya ce, "'Yata, in kowa ya ɗiba, me za ki tarar in kin dawo?" Ta juye shi a inda ta ɗebo, ta karkaɗe kwalbar.

Kawu bai bar sana'arsa ba, kuma ban ce ya bari ba, da ita ya aurar da 'ya'ya shida. Abin da ya canza ɗan kaɗan ne. Bayan tafiyar, in aka kawo masa gawayi yakan tambayi daga wane daji, in kuma aka kawo kajik ƙanana waɗanda ba su kai yatsa ba, yakan ce a mayar. Abokan kasuwa suna tsokanarsa, wai ya zama ɗan sandan daji.

Yaƙi ya watsa mu, shi yanzu yana Kasala da ɗan teburinsa. Kwanakin baya jikar ta kira shi daga Jidda, ta ce, "Kaka, yaushe za mu koma?"

Ya ce, "Amaryata, bari damina ta wuce tukuna, mu ji abin da mutanen Dindir za su ce."