Yadda Ƙwayar Halitta Take Karɓar Ruwa da Abinci

Idan ka bi hanyar Bida daga Minna, za ka iso Gidan Kwano, inda babbar harabar Jami'ar Fasaha ta Tarayya take. Manoman wannan yanki sun san cewa idan aka tula takin zamani a gindin masara, sai ta yi yaushi, a ce taki ya ƙone ta. Alhali babu wuta a cikin taki. To, me ya faru?

Jikin masara, da jikinka kai ma, an gina su ne da ƙwayoyin halitta, waɗanda ido ba ya iya gani saboda ƙanƙanta. Kowace ƙwaya tana lulluɓe da wani siririn tantani, wanda yake aiki kamar mai gadi a bakin ƙofa. Iskar da muke shaƙa tana ratsa shi a sauƙaƙe. Sukari kuwa sai ta wasu ƙofofi na musamman yake shiga. Idan abu ya yi girma ainun, kamar ƙwayar cuta, sai farar ƙwayar jini ta naɗe shi da tantaninta, ta haɗiye.

Sha'anin ruwa shi ne ya fi cancantar ka riƙe. Ruwa yana ratsa tantani ne zuwa ɓangaren da gishiri ya fi yawa. Taki kuwa nau'in gishiri ne. Idan ya yi yawa a ƙasa, sai ruwa ya fita daga saiwa maimakon ya shiga. Gwada da kanka: yanka albasa, ka barbaɗa mata gishiri, ka ga yadda za ta tsatso da ruwa.

Wannan ilimi yana ceton rai. Mai gudawa yana rasa ruwan jiki da sauri, musamman ƙaramin yaro. A bangon hanji akwai wata ƙofa da take shigar da gishiri da sukari tare, ruwa kuma ya biyo bayansu. Dalilin ke nan da ake ba majinyaci ruwan gishiri da sukari. A shekarar 1971, likita Dilip Mahalanabis ya yi amfani da shi a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya lokacin annobar kwalara, mace-mace suka ragu ƙwarai.

Sai dai ka kula da awo. Idan an rubuta lita 1 a jikin ƙunshin maganin, to ka dama shi a lita 1 cif. Idan ruwan ya gaza, gishiri zai yi yawa, ya ƙara wa yaron rashin lafiya.