Kaɗaicin Matafiyi: Daga Ayari Zuwa Ɗakin Otal

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja saro goro a ƙarni na 19 ba su san tafiyar mutum ɗaya ba. Daga Kano zuwa kasuwar Salaga, a arewacin Ghana ta yau, tafiyar watanni ce da jakuna, kuma a ayari ake yin ta, madugu na shugabanci, jagaba na gaba yana duba hanya. Tsoron 'yan fashi ne dalili na farko, amma ba shi kaɗai ba. Duk wanda ya taɓa kwana a garin da babu mai kiran sunansa ya san akwai wani ɓarawon da ba ya taɓa kaya, sai dai ya sace barci da walwala.

Shi ya sa inda duk aka yada zango, unguwa kan tashi: Zangon Kumasi, Sabon Zango a Accra, Sabo a Ibadan. Masani Abner Cohen, a littafinsa na 1969 kan Hausawan Ibadan, ya nuna yadda maigida ke bai wa baƙo masauki da abinci, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan ciniki ya rikice. Haka ma hanyar Makka ta ƙasa. Mai Wurno a Sudan, garin da mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, ya daɗe yana zama mahutar maniyyata masu tafiya a ƙafa.

Yau fa? Ɗan kasuwa ya sauka Dubai ko Guangzhou, ɗalibi ya sauka Alƙahira, a miƙa masa makulli, ya rufo ƙofa, ya rungumi waya. A ganina nan gizo ke saƙar. WhatsApp na kawo muryar iyali, amma wanda ya kwana yana kallon hotunan bikin da ba ya wurin, kewa kawai yake ƙara wa kansa. Gangar jiki na baƙunta, zuciya na gida, babu inda ya zauna sosai.

Maganin bai sauya ba. Sallar jam'i a masallaci guda, kwana biyu a jere, ta isa a fara tambayar lafiyarka. Ka ci abinci inda jama'a ke ci, ka koyi gaisuwar mutanen garin ko da a karkace, ka tsayar wa kiran gida lokaci ɗaya. Sai dai a yi hattara: ba kowane mai jin Hausa ne ɗan'uwa ba, kuma kaɗaici ya sa wasu karɓar saƙon da ba su san abin da ke ciki ba a filin jirgi, suka ƙare a kurkuku.

Don haka, mai karatu, kafin ka tambayi kuɗin otal, tambayi inda zangon garin yake da wanda zai karɓe ka, domin da ɗan gari kan ci gari. Mu kuma da muke gida, in ɗan'uwa ya yi nisa, kada mu jira sai ya kira.