Aikin agaji: guzurin matafiyan zamani

Kakanninmu da suka nufi Makka a ƙasa ba su tashi da guzurin shekara biyar ba. Sukan yada zango a Sudan, su yi ƙwadago a gonakin auduga na Jazira, su tara abin da zai kai su gaba. Ƴan zamani ma sun gano wannan dabara, sai dai gonarsu ita ce ƙungiyoyin agaji.

Mu a Nijar mun daɗe da sanin irin waɗannan baƙi. Tun shekara ta 1962 samari da ƴan matan Amurka na Peace Corps suka fara zuwa. A wancan lokaci akan horar da su wata uku, daga baya a Hamdallahi kusa da Yamai, su koyi Hausa ko Zabarmanci, sannan su yi shekara biyu a karkara. Faransa ta kafa tata ƙungiyar, AFVP, a 1963. Tsarin kusan ɗaya ne: ƙungiya ta biya kuɗin jirgi, masauki da magani, ta ba da ɗan abin masarufi kowane wata. Ba a yin arziki, amma mutum ya ga duniya bai taɓa aljihunsa ba.

Hanyar ba ta Turawa kaɗai ba ce. Shirin masu aikin sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, mafi yawan mutanensa daga ƙasashe masu tasowa suke. Haka kuma MSF, wadda ta yi aiki sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005, da ALIMA, wadda aka haifa a Nijar a 2009, suna tura ma'aikatan Afirka zuwa wasu ƙasashe. Ɗan Nijar da ya goge a nan yana iya samun kansa a Cadi, Kwango ko Haiti.

Amma kada mai karatu ya ɗauka yawon buɗe ido ne. Sana'a ake saye, ba sha'awar tafiya ba. Ana neman likita, ungozoma, akawu, masanin ruwa, da wanda ya iya sayen kaya da lissafin sito, aikin da ɗan kasuwa ya sani sarai. Faransanci kaɗai ba ya isa ko'ina. Ingilishi na buɗe ƙofofi da yawa. Yarjejeniyar takan kasance ta wata shida ko shekara, sau da yawa ba tare da iyali ba. Ma'aikacin gwamnati kuwa sai ya nemi izinin ajiye aiki na ɗan lokaci, ya kuma auna abin da zai rasa.

Akwai haɗari ma. A watan Janairu na 2011, bayan sace Faransawa biyu a Yamai, Peace Corps ta kwashe mutanenta. Ranar 9 ga Agusta 2020 aka kashe ma'aikatan ACTED Faransawa shida da ƴan Nijar biyu a Kure. Ga shi kuma rushe hukumar USAID a 2025 ya rage guraben aiki a duniya baki ɗaya.

Saboda haka, mai niyya ya fara daga gida: ya ƙware a sana'arsa, ya koyi harshe, ya tanadi abin da iyali za su ci a bayansa. Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.