Yadda Ake Sauya Wa Tsohuwar Mota Sitiyari

Triumph TR3 motar gudu ce da aka fara ƙerawa a Ingila a 1955. Idan sitiyarinta ya tsufa sai ya yi sako-sako, direba na juyawa, tayoyi na jinkiri. Shi ya sa masu ita ke sa mata irin na TR4 ta 1961: ɗan gargare mai haƙora yana tura sandar ƙarfe mai haƙora hagu ko dama, ita kuma ta juya tayoyi kai tsaye. Fankar inji kan tare wurin, sai a sa ta lantarki. Aikin ba na kowane makaniki ba ne, domin idan sandar ba ta zauna daidai ba, mota na faɗawa rami tayoyi za su karkace da kansu.