Damina: Yadda magidanta ke komawa ga lambun gida da dashen itatuwa

Da zarar ruwan sama ya zauna a watan Yuni, akwai wata kasuwa da ke tashi a gefen manyan titunan Kano da Kaduna da Abuja, wadda ba ta da rumfa balle shago. Baƙaƙen ledoji ne jere a inuwa, kowace ɗauke da ɗan tsiro: mangwaro, gwaiba, lemo, gwanda, zogale, sai furanni iri-iri.

Masu dashe suna nan duk shekara, amma a damina kakarsu ke yanke saƙa. Daga Yuni zuwa Satumba ƙasa na da laima, rana ta yi sauƙi, kuma abin da aka dasa kan kama ba tare da wahalar ban-ruwa ba.

A da, yawancin masu tsayawa wajen nan masu hali ne da ke neman furannin ƙawata gida. Yanzu akan ga ma'aikaci a kan babur ko uwargida da ta sauka daga Adaidaita-sahu, tana tambayar kuɗin dashen zogale da gwanda. Abin da ya kawo su ba ado ba ne, tukunya ce.

Tsadar kayan miya

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin dakon kaya ya tashi, farashin abinci ya bi shi. A tsakiyar 2024 alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa sun nuna hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. A shekarar ce kuma Uwargidan Shugaban Ƙasa, Sanata Oluremi Tinubu, ta riƙa kira ga iyalai da kowane gida ya yi ɗan lambunsa.

Damina dama lokacin tsadar tumatir ne a Arewa, domin mafi yawansa noman rani ne, irin wanda ake yi a yankin Kura da Kadawa da ruwan Dam ɗin Tiga. Idan ruwan sama ya sauka, tumatir kan yi fama da cututtuka, sai ya yi ƙaranci a kasuwanni irin su 'Yankaba. Jama'a ba su manta da 2016 ba, lokacin da tsutsar Tuta absoluta ta cinye gonaki har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir.

Lambun gida ba zai cike gurbin buhun shinkafa ba. Amma gidan da ke da alayyahu da kuɓewa da yakuwa a tsakar gida ya rage wani abu daga kuɗin cefane, kuma ya san da irin ruwan da aka shayar da ganyen da yake ci.

Abin lura a wajen mai dashe

Babbar tambaya ga mai sayen itacen marmari ita ce: ɗan aure ne ko daga ƙwallo aka shuka shi? Aure shi ne a ɗauko reshen itaciya mai kyawun 'ya'ya a haɗa shi da ƙaramin tsiro mai ƙarfin saiwa. Mangwaro ɗan aure kan fara 'ya'ya cikin shekara uku zuwa huɗu, kuma irin na uwar zai haifa. Wanda ya fito daga ƙwallo kan kai shekara biyar ko fiye, kuma babu tabbacin abin da zai bayar.

Ana gane ɗan aure da tabon haɗin da ke jikin karansa, ɗan sama da bakin leda. Idan babu tabo, magana ce kawai ta mai sayarwa, kuma sai bayan shekaru mai saye zai gane gaskiya.

Sai kuma saiwa. Tsiron da ya daɗe a leda har saiwarsa ta huda ta shiga ƙasa, za a yanke ta wajen ɗauka, kuma yakan yi yaushi a gida. Ƙaramin dashe mai koren ganye ya fi dogon da ya tsufa a leda saurin kamawa.

Ga mai neman iri mai asali, Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wato NIHORT, tana da reshe a Bagauda ta Jihar Kano da Dadinkowa ta Jihar Gombe. Furanni kuwa a yi hattara: wanda ya yi kyau a sanyin Jos ba lallai ne ya jure zafin Afrilu a Kano ko Sakkwato ba, inda ma'auni ke haura digiri 40.

Noman buhu

Babban cikas a birni shi ne fili. Gidaje da dama an shafe tsakar gida da siminti, wasu kuma na haya ne, mai gida ba zai yarda a fasa masa daɓe ba. Nan ne noman buhu ya samu karɓuwa, musamman a wajen mata.

Tsohon buhun shinkafa ko bokitin da ya fashe ya wadatar. Ana huda ƙasansa don ruwa ya riƙa fita, a cika shi da ƙasa mai kyau da aka gauraya da ɗan yashi da takin gargajiya. Sharaɗi shi ne takin ya ruɓe sosai, domin ɗanyen kashin kaji kan ƙona saiwa. A ajiye buhun inda rana ke samunsa aƙalla rabin yini.

Alayyahu kan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu. Kuɓewa na fara 'ya'ya cikin kusan wata biyu. Gwanda, idan ta samu ƙasa, takan yi 'ya'ya a cikin shekara guda. Zogale kuwa ko reshensa aka kafa a damina zai tofo, kuma yawan datse kansa ke sa ya yi rassa maimakon ya miƙe ya fi ƙarfin hannu.

Maƙiyan lambun gida sanannu ne: akuya, kaji, gara da ƙwari. Shinge na ƙaya ko tsohuwar raga kan tare dabbobi, yayin da da yawa ke jiƙa dakakken ganyen darbejiya su fesa don korar ƙwari.

Inuwa ma buƙata ce

Ba miya kaɗai ke kai mutane wajen masu dashe ba. Sabbin unguwanni na tashi babu itace ko ɗaya, ga rufin kwano, ga rashin wuta a lokacin zafi. Gwamnati na da nata shirin, Hukumar Babbar Ganuwar Itatuwa da aka kafa da doka a 2015 don yaƙi da kwararowar hamada a jihohin Arewa 11, amma inuwar ƙofar gida aikin mai gida ce.

Sai dai a nisanta babbar itaciya daga katanga da ramin masai, domin saiwar darbejiya ko mangwaro kan tsaga gini idan ta girma.

Jarrabawa sai rani

Dasawa ba ita ce wahala ba. Dashen da ya yi shar a Agusta yakan mutu tsakanin Fabrairu da Afrilu, lokacin da rijiyoyi suka ja baya, kuɗin jarkar 'yan ga-ruwa ya tashi. Shi ya sa ya fi kyau a dasa da wuri, saiwa ta yi nisa kafin ruwa ya ɗauke, sannan a rufe gindin da busasshiyar ciyawa don riƙe laima.

Ruwan alwala da na wankin shinkafa da kayan miya duk suna da amfani, amma ban da mai omo. Mai dashe ya gama nasa tun ranar da ya miƙa leda ya karɓi kuɗi. Ko itacen zai kai damina ta biyu, wannan ya rage ga wanda zai riƙa tunawa da buta kowace safiya a cikin watan Maris.