Hawan jinin ido: me ke hana majinyata komawa ranar da likita ya sa musu?

A sashen ido na manyan asibitocin Yamai, Maraɗi da Damagaram, akan sallami mai hawan jinin ido da abu biyu: kwalbar maganin ɗigawa da ƴar takarda mai ɗauke da ranar dawowa. Kwalbar takan ƙare cikin ƴan makonni. Takardar kuwa sau da yawa a aljihu take tsufa, har ranar da mai ita ya fara tuntuɓe da kujera a tsakar gidansa.

Cutar, wadda likitoci ke kira gilokoma, jijiyar gani take ci sannu a hankali, galibi idan ƙarfin ruwan cikin ido ya hau. Daga gefen gani take farawa, kuma nau'in da ya fi yawa a Afirka ta Yamma ba ya zafi. Abin da ta cinye ba ya dawowa. Magani da tiyata ɓarna kawai suke tsayarwa, shi ya sa sai an riƙa komawa awo har ƙarshen rayuwa. A maƙwabciyarmu Najeriya, binciken makanta na 2005 zuwa 2007 ya gano kusan mutum 5 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama suna da ita, kuma waɗanda suka san suna ɗauke da ita ba su kai 6 cikin 100 ba.

Babban abin da ke karya gwiwar majinyaci shi ne kwatanta kansa da mai yanar ido. Ya ga maƙwabcinsa an ja shi da sanda zuwa aikin ido na kyauta, bayan kwana biyu ya dawo yana gane fuskokin jikokinsa. Shi kuwa wata uku yana ɗiga magani mai raɗaɗi, ganinsa na nan yadda yake. A wurin likita wannan nasara ce, tunda ciwon bai ci gaba ba. A wurin dattijon asarar kuɗi ce. Idan ba a zauna an bambance masa cututtukan biyu da harshen da yake ji ba, da wuya ya sake hawa mota. Daga nan wasu kan koma ga magungunan ido na masu talla, alhali waɗanda ke ɗauke da sinadarin kotizon suna iya ƙara hawan.

Sai nisa. Likitocin ido a manyan birane suke. Daga Dakwaro zuwa Maraɗi, ko daga Tanut zuwa Damagaram, tafiyar fiye da kilomita 100 ce, kuma mai raunin gani ba ya tafiya shi kaɗai. Kuɗin mota ya zama na mutum biyu, ga abinci, ga wurin kwana idan layi bai iso kansa ba, ga yinin aikin da ɗan rakiya ya rasa. Ga mace abin ya fi tsauri, don tana jiran izinin maigida da kuɗinsa, da wadda za ta riƙe mata gida.

Ranar ma kanta takan zo a karkace. Randebun da ya faɗo tsakiyar damina gona ce za ta cinye shi. Da kaka ta wuce kuma samarin da za su yi rakiya sun tafi cirani Kano, Abijan ko Libiya. Kwanan watan an rubuta shi da Faransanci, a hannun tsohon da ke lissafi da watan sama da ranar kasuwa. A watan azumi wasu kan ajiye maganin don tsoron karya azuminsu, kodayake irin wanda ake ɗigawa sau biyu a rana, kamar timolol, ana iya daidaita shi da sahur da buɗa-baki bisa shawarar likita.

Masu aiko da kuɗi gida ta Nita ko Amana suna da abin yi a nan da ya wuce biyan magani. A ɗauki hoton takardar a aiko ta WhatsApp, a sa ranar a waya, a tsayar da wanda zai yi rakiya tun saura mako guda, a ware kuɗin mota daban kada su shige cefane. Kuma cutar tana bin jini: wanda uwarsa, ubansa ko ɗan'uwansa na ciki ɗaya ke da ita ya fi sauran mutane haɗarin kamuwa. Idan ya doshi shekara 40, ranar da ya raka tsohonsa asibiti shi ma ya nemi a auna nasa idon.