Gyatsar Saniya Da Asarar Makiyayi

Masana kiwo sun daɗe da sanin cewa ba dukan abin da saniya ta ci yake zama nono ba. A cikin tumbinta akwai waɗansu ƙananan halittu masu fid da wata iska da ake kira metan, wadda take fitarwa ta gyatsa. Ta nan kashi 2 zuwa 12 cikin ɗari na ƙarfin abincinta yake salwanta, ga shi kuma iskar tana ƙara ɗumamar duniya.

A 2022 Tarayyar Turai ta amince da Bovaer, wani gari da kamfanin DSM na ƙasar Holan ya haɗa. Rubu'in ƙaramin cokali a rana yana rage iskar da wajen kashi 30 cikin ɗari. Amma fa sai an gauraya shi da abinci a komi kullum, gama aikinsa ba ya wuce 'yan sa'o'i.

A nan gizo ke saƙa. Shanun Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda ɓarayi suka rage, a daji suke kiwo, ba su san komi ba sai na kanwa da dusa. Abin da ya fi kusa da hannun makiyayi shi ne angurya, domin man da ke cikinta yana rage iskar, tana kuma riƙe nono da rani. Wannan ne ya kamata malaman dabbobi su dinga faɗi a ruga. Sai dai noman auduga ya ja baya a ƙasar Funtuwa, anguryar ma ta yi wuya.